A Mayar Wa Peter Parker Matarsa

Duk inda tsofaffin makarantan littattafan zane na Spider-Man suka haɗu, ba a daɗewa ana maganar mugayen da ya kara da su. Za a ɗan taɓa Green Goblin, a taɓa Doctor Octopus mai hannuwan ƙarfe huɗu, daga nan sai hira ta gangara inda dama can za ta: cikin 'yan matansa, Gwen ko Mary Jane? A nan ne murya take tashi. Sai ka ga magidanci da furfura a gemu ya dage yana kare yarinyar da aka zana da tawada, aka kuma kashe ta tun 1973, har jijiyar wuyansa tana miƙewa. Ni ban taɓa ganin wauta a wannan gardama ba. Naushi da tsalle a kan benaye su suke jawo yaro ya buɗe littafin, amma abin da yake bin sa har girma shi ne wa jarumin yake so, wa ke son sa, kuma wa aka bari tana kuka.

Ni ɗan ɓangaren Mary Jane ne, ba na ɓoyewa. Sai dai abin da nake son faɗa ya wuce zaɓen ɗaya daga cikin 'yan mata biyu. Takarar nan ta yi daɗi ne saboda an bar ta ta kai ƙarshe, an yi rashi, an yi zaɓi, mutanen cikinta sun girma. Kamfanin Marvel da ya warware wannan ƙarshen a 2007 domin a koma neman aure daga farko ya cuci labarin, ya kuma cuci masu karanta shi.

Ba Spider-Man ne ya fara ba. Tun fitowar Superman ta farko a 1938, Jerry Siegel da Joe Shuster suka ɗaura wani ƙulli da har yau ba a yi kamarsa ba. Clark Kent, ɗan jarida mai tabarau da sanyin jiki, yana son abokiyar aikinsa Lois Lane. Ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba, hankalinta yana kan Superman. Son maso wani ƙoshin wahala, in ji Bahaushe, to a nan wanin ma shi ne shi. Mutum yana kishi da kansa, kuma ba shi da bakin magana. A 1950 aka shigo da Lana Lang, maƙwabciyarsa ta ƙuruciya a garin Smallville, mai jan gashi, wadda ta san shi tun kafin duniya ta san shi. Daga 1958 zuwa 1974 Lois ta samu littafinta na kanta, fitowa 137, kuma kaso mai yawa na labaran farko-farko a kan abu biyu suke: yadda za ta tona asirin cewa Clark shi ne Superman, da yadda za ta riga Lana shiga gidansa.

Ina tuna su da daɗi, domin yaro ba ya manta hoton Lois ta lallaɓo da almakashi za ta yanki gashin Clark ta ga ko ƙarfen zai karye. Amma da na sake duba su da idon manya, sai tausayinta ya kama ni. Mace ce 'yar jarida mai zuciyar maza, wadda a shekarun farko take kutsawa cikin 'yan daba neman labari, aka mayar da ita mai ƙulla makirci kan miji, Superman kuma yana shirya mata tarko wai don ya koya mata hankali. Kowace fitowa tana ƙarewa inda ta fara. Ba a yi aure ba, ba a rabu ba, Lana tana nan, Lois tana nan. A 1963 har aka yi wani labari da aka ce na mafarki ne, Superman ya rabu gida biyu, ja da shuɗi, ɗaya ya auri Lois, ɗaya ya auri Lana. Marubutan sun ƙi yarda jarumin ya zaɓa, don haka suka tsaga shi. Takarar da ba a rasa komai a cikinta tana ba da nishaɗi, amma ba ta kama zuciya.

A Marvel ne abin ya zama na gaske. Stan Lee da Steve Ditko suka fito da Peter Parker, wato Spider-Man, a 1962, maraya ɗan makaranta, yana zaune da matar baffansa, Gwaggo May, kullum aljihu a bushe. Budurwarsa ta farko Betty Brant ce, sakatariya a gidan jaridar da yake sayar wa hotuna, kuma ya rasa ta ne saboda ba ta iya zama da mutumin da rayuwarsa take cikin haɗari. Tun a lokacin Gwaggo May ta matsa masa lamba cewa ƙawarta Anna Watson tana da 'yar ɗan'uwa mai hankali, ya kamata su ga juna. Shi kuwa yana ta zillewa, don ya ɗauka duk yarinyar da tsofaffi suka zaɓa wa mutum ba abin kallo ba ce. Ditko ya ja wa makaranta rai yadda ya kamata. A fitowa ta 25 ta littafin Spider-Man ya kawo yarinyar har cikin falo, amma ya sa wata ƙatuwar fure ta rufe mata fuska. Mu ba mu gan ta ba, sai dai muka ga Betty da Liz Allan, 'yar makarantar su Peter, sun gan ta, jikinsu ya yi sanyi.

Kafin a buɗe fuskar, Gwen Stacy ta riga ta iso. A ƙarshen 1965 ne, fitowa ta 31, ranar da Peter ya shiga jami'a. Mutane da yawa sun manta yadda Gwen ta farko take. Ba salihar nan mai sanyin murya da ake tunawa ba ce. Yarinya ce mai ji da kanta, mai kaifin harshe, ɗalibar kimiyya, wadda ta fusata don Peter ya wuce ta bai ko ɗaga kai ba, alhali shi hankalinsa yana asibiti wurin gwaggonsa da ke kwance rai a hannun Allah. Da rashin fahimta suka fara, kuma wannan ya sa soyayyarsu ta yi armashi da ta zo.

Sai Ditko ya bar aikin a 1966, John Romita ya karɓa. Wannan canji ba ƙarami ba ne, domin Romita ya shafe shekaru yana zana labaran soyayya zalla a kamfanin DC. Ya san yadda ake zana kallon gefen ido, da hannun da ya tsaya a kan ƙofa, da yarinyar da ke murmushi alhali ranta a ɓace yake. A shafin ƙarshe na fitowa ta 42, watan Nuwamba 1966, ƙofa ta buɗe. Ga Mary Jane, yarinyar nan da aka rufe wa fuska, tsaye, jan gashi har kafaɗa, baƙar riga, kwat a rataye a hannu, murmushi har kumatu sun lotsa. Ta kira shi damisa, ta ce masa ya yarda kawai, yau ya tsinci dami a kala. Peter ya saki baki. Duk wanda ya karanta wannan shafi yana yaro ya san ba Peter kaɗai ya saki baki ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne waɗanda ake kewa. Samari da 'yan mata biyar, Peter da Gwen da Mary Jane da Harry Osborn da Flash Thompson, suna haɗuwa a shagon shan gahawa, ana rawa, ana zolaya, ana hawa babur. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan matan biyu ba abokan gaba ba ne. Suna jifan juna da magana, kowace tana lura da kwalliyar 'yar'uwarta, amma ƙawaye ne. Ana cewa kishi kumallon mata, to nasu kishin bai taɓa kai su ga zubar da mutunci ba. Stan Lee da kansa ya sha faɗa cewa Gwen suka shirya ta zama matar Peter, suka yi ta ƙoƙarin ƙawata ta, amma duk shafin da Mary Jane ta shigo sai ta ƙwace shi. A ƙoƙarin nan ne ma suka rage wa Gwen kaifi, ta koma mai yawan hawaye da jiran Peter ya zo ya ba da uzuri.

Duk da haka an ba ta labari mai nauyi. A 1970 mahaifinta, Kyaftin George Stacy, tsohon ɗan sanda, ya rasu lokacin da ya ture wani yaro daga ƙarƙashin buraguzan gini da suka zubo ana faɗa tsakanin Spider-Man da Doctor Octopus. Yana gargarar mutuwa ya kira Spider-Man da sunansa na gaskiya, ashe ya daɗe da sani, ya bar masa amanar 'yarsa. Gwen kuwa ta ɗora alhakin mutuwar ubanta a kan Spider-Man. Ƙullin Lois ke nan aka juya shi: wannan tana son mutumin, tana ƙin jarumin. Peter yana rarrashinta a kan rashin da take ganin shi ya jawo, kuma ba ya iya buɗe baki.

A watan Yuni 1973, fitowa ta 121, marubuci Gerry Conway, yana ɗan shekara ashirin, tare da Gil Kane da Romita, suka yi abin da ba a saba yi ba. Green Goblin, wato Norman Osborn mahaifin Harry, ya sace Gwen, ya kai ta saman wata gada a New York, ya jefo ta. Spider-Man ya harba zarensa ya cafko ƙafarta. Yana murna, yana yabon kansa ya cece ta, ya jawo ta sama, sai ya tarar ba rai. A jikin hoton, daidai wuyanta, an rubuta wata 'yar ƙaramar ƙara ta karyewa, ƙarama ƙwarai har mai gaggawa zai wuce bai gani ba. Daga baya kamfanin ya tabbatar a shafin wasiƙun makaranta cewa fizgar zaren ce ta karya mata wuya.

A nan dole in tsaya in ba masu sukar wannan labari haƙƙinsu, domin suna da gaskiya. Gwen ba ta farfaɗo ba tun da aka ɗauko ta, ba ta ce uffan ba a kan gadar, ta mutu ba ta san wane ne saurayinta ba. An kashe ta ne don a ƙona zuciyar namiji, kuma don marubutan sun rasa yadda za su yi da ita in ba aure ba. Marubuciya Gail Simone ta tattara jerin matan da aka yi wa irin wannan a littattafan zane a 1999, jerin kuwa yana da tsawo abin kunya. Da an bar Gwen ta ji gaskiya daga bakin Peter, ta yanke hukunci da kanta, ko ta yafe ko ta tafi, da an fi yi mata adalci. Ina son wannan labari, kuma ina ganin zaluncin da ke cikinsa.

Abin da ya sa nake yafe masa shi ne shafi ɗaya, na ƙarshen fitowa ta 122. Peter ya dawo gida cikin dare, a wargaje. Ya tarar da Mary Jane zaune tana jiran sa, ta ji labari. Ta fara magana, ya katse ta da mafi munin abin da zai iya faɗa. Ya ce mata irinta ko uwarta ce ta mutu ba za ta damu ba, ta tashi ta tafi inda ake shagali, ya san ba ta son zaman makoki. Ta miƙe tana hawaye, ta nufi ƙofa, ta kama marikin. Hoto ɗaya, biyu, tana tsaye ba magana. Sai ta tura ƙofar ta rufe, tana daga ciki. Yarinyar da aka sani da rawa da gudun duk wani abu mai nauyi ta zaɓi ta zauna da mutumin da ya gama zaginta, a kan mutuwar wadda ya fifita a kanta. Ba ta ci takarar don abokiyar takara ta mutu ba. A daren nan ta zama wata mace dabam, kuma sai da Peter ya yi shekaru kafin ya cancanci wannan macen.

Marubutan da suka biyo baya ba su yi gaggawa ba. A 1978 ya nemi aurenta, ta mayar masa da zobensa. Felicia Hardy, ɓarauniyar da ake kira Black Cat, ta shigo a 1979, ita kuma Spider-Man take so, har ba ta son ya cire abin rufe fuskarsa ta ga talakan da ke ciki. Sai a 1984 Mary Jane ta faɗa masa ya daina yi mata ƙarya, ta daɗe da sanin ko shi wane ne. Ta kuma buɗe masa nata cikin: uba mai duka da zafin rai, uwa da ta yi ta yawo da 'ya'ya gidajen dangi har ta rasu, 'yar'uwa da ta bari cikin wahala ta gudu. Ashe duk dariyar nan rufi ce. Cikin matan da suka so shi, wata ta so rabinsa na gida, wata ta so rabinsa na sama, ita kaɗai ta san duka biyun ta kuma zauna. Aka ɗaura aure a 1987, har aka yi bikin kwaikwayo a tsohon filin wasa na Shea a New York gaban dubban 'yan kallo.

Shekara ashirin suna tare. Sannan a ƙarshen 2007, ƙarƙashin babban edita Joe Quesada, aka buga labarin da ya share auren. Bayan Peter ya bayyana wa duniya cewa shi ne Spider-Man, aka harbi Gwaggo May, likitoci sun sallama, sai wani shaiɗani mai suna Mephisto ya zo da tayi: zai raya tsohuwar, a ba shi aurensu, ya zama kamar ba a taɓa yi ba. Suka amince. Jarumin da aka gina rayuwarsa kaf a kan ɗaukar alhakin abin da ya aikata, shi ne aka sa ya yi ciniki da shaiɗan don ya kauce wa sakamakon bayyana kansa da ya yi a bainar jama'a. Kuma duk wanda ya san Gwaggo May ya san da an tambaye ta, ba za ta yarda a saya mata kwana da auren ɗanta ba.

Hujjar Quesada ba a ɓoye take ba. Yana ganin aure ya tsufar da Peter, yara ba za su ga kansu a jikin magidanci ba, kuma an toshe ƙofar labaran soyayya, tunda mai mata ba ya neman aure. Saki ko mutuwar matar kuma za su ƙara masa shekaru ne. Na fahimci tsoron ɗan kasuwa da ke cikin wannan magana, amma littattafan kamfanin da kansu sun ƙaryata ta. Reed Richards da Sue Storm na Fantastic Four sun yi tasu takarar da Namor, sarkin teku, wanda Sue ta taɓa ɓoye hotonsa. Ta zaɓi Reed, aka yi aure a 1965, suka haihu a 1968, kuma ba wanda ya ce labarinsu ya ƙare. Shi kansa Spider-Man, ɗaya daga cikin labaransa da aka fi yabo ya fito ne a shekarar aurensa, inda maharbi Kraven ya binne shi da rai har mako biyu. Abin da ya fito da shi daga kabarin, yana tona ƙasa da farce, tunanin amaryarsa ne da ke zaune ita kaɗai ba ta san inda yake ba. Saurayi mai 'yan mata uku ba zai ba ka wannan shafin ba.

Mu nan ma shaida ne. Marubutan littattafan soyayya na Kano, waɗanda mata ne da yawansu, tun shekarun 1980 suke cika kasuwa da labaran da ba sa tsayawa a ranar ɗaurin aure. A wurinsu nan ne ma labari yake ɗaukar zafi: dangin miji, rashin haihuwa, talauci, kishiya, tsohuwar budurwa da ta dawo. Makarantansu ba su taɓa cewa an tsufar musu da jaruma don ta shiga ɗakinta ba. Wanda ya ce aure yana kashe labari, bai iya rubuta aure ba ne.

Akwai kuma illar da tayar da tsohuwar takara take yi wa jarumin kansa. A labaran ƙungiyar jarumai ta X-Men, Jean Grey ta mutu a 1980, mutuwar da ta girgiza makaranta, bayan shekarun da Wolverine ya yi yana son ta a ɓoye tana tare da Cyclops. Cyclops ya yi makoki, ya auri Madelyne Pryor, suka sami ɗa. Da kamfanin ya ga dama ya dawo da Jean a 1986, sai aka sa shi ya fice ya bar mace da jariri ya koma wurin tsohuwar masoyiya. An samu takara sabuwa, amma an zubar da mutuncin mutumin, kuma makaranta da yawa ba su sake ganin sa da daraja ba.

Za a ce mini kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kewar ƙuruciya ce kawai take damun irina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ba abin da zai sake yi mini daɗin da tsofaffin littattafan nan suka yi, waɗanda muke samu a hannun masu gwanjo, wani ba bango, wani an yage shafin tsakiya, ka karanta mutuwar Gwen kafin ka karanta haɗuwarsu. Amma ni ba cewa nake a koma 1966 ba. Masu son a koma can su ne editocin da suka mayar da Peter gwauro don ya yi ta maimaita shekarun jami'a har abada. Tun 2008 an kawo masa 'yan mata iri-iri, irin su Carlie Cooper, kuma a 2022 aka haɗa Mary Jane da wani mai suna Paul don a sake kunna kishi. Ba ɗaya da ta kama, domin mai karatu ya riga ya san ba za a bari a kai ko'ina ba. Wa zai sa zuciyarsa a takarar da aka gaya masa tun farko ba mai ci?

Kamfanin DC ya gwada irin wannan. Ya aurar da Lois da Clark a 1996, ya share auren a 2011, sannan a 2016 ya dawo da su cikin manyan littattafansa a matsayin mata da miji, har da ɗansu Jon. Marvel ma ya ɗanɗana. A 2024 Jonathan Hickman ya rubuta wani Peter na wata duniya dabam, magidanci mai gemu, da Mary Jane da 'ya'ya biyu, kuma littafin ya shiga sahun waɗanda aka fi saye a shekarar. In kuwa damuwar ita ce yara su sami Spider-Man ɗan makaranta mai ruɗewa tsakanin 'yan mata, ai tun 2011 suna da Miles Morales, matashi ne, filin soyayyarsa a buɗe yake, a rubuta masa tasa Gwen da tasa Mary Jane waɗanda yaran yau za su yi gardama a kansu nan da shekara arba'in. Uzurin ya ƙare. Peter ya binne budurwa, ya yi neman aure an ƙi shi, ya sake nema an ba shi. A warware cinikin da aka yi da Mephisto a babban littafin, a mayar masa da matarsa.